Zakkar Raƙuma, Darasi na Tara

Kwana goma sha ɗaya bayan an binne Yunus, Jibril ya hau bene na uku a wani tsohon gini na unguwar Utaibiyya, kusa da Harami, don ya karɓi kaset ɗaya. Ya san launinsa, ya san abin da aka rubuta a jikinsa da jan biro: Zakkar Raƙuma, darasi na tara. Ya kuma san babu raƙumi ko ɗaya a cikinsa.

Shi da Yunus a lungu ɗaya aka haife su, jikokin Kanawan da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna. Takarda ce kawai ta raba su. Mahaifin Jibril ya karɓi jinsiyya, shaidar zama ɗan ƙasa, tun lokacin da samunta ba ya wuya. Mahaifin Yunus kullum cewa yake sai bayan Hajji zai je ofishin, har aka yi Hajji goma sha biyu ya rasu bai je ba. Jibril ya buɗe shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Shisha. Yunus ya yi shekara talatin yana sabunta iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a garin da aka yanke masa cibiya, yana kabu-kabu da wata tsohuwar Toyota, yana kai masu Umra ziyara Mina da Arfa.

A 1984, suna samari, suka sayi wani kaset a kasuwar Jidda saboda hoton da ke bangonsa, wani dogon bututun hayaƙi a cikin ruwan sama. Turawa huɗu ne daga wani garin masaƙu a arewacin Ingila, masu irin kiɗan da mujallu ke kira post-punk: ganga busasshiya, jita mai kaurin murya a gaba, mawaƙin kuma kamar yana karanta wa wani takardar kora daga aiki. Sunansu na Turanci bai zauna a bakin kowa ba, sai suka sa musu 'Yan Masaƙa.

Dokoki biyu suka kafa tun daga ranar, ba su taɓa karya su ba. Ta farko, ba a kunna kiɗa a cikin iyakar Harami. Duk ƙarshen mako da hantsi sukan ɗauki hanyar Arfa, su wuce alamar iyaka, su faka a kwarin Urana, wanda ba ya cikin Harami kuma ba ya cikin Arfa, su ɗaga gilas su saurara. Ta biyu, kowane kaset sai an liƙa masa sunan karatu, domin alhazai suna da hannun buɗe akwatin gaban mota. Yunus ne ke zaɓen sunayen, kuma da gangan yake zaɓen waɗanda ba sa jan rai.

"Shekara ashirin ina tuƙi," in ji shi, "ban taɓa ɗaukar alhajin da ya ce a sa masa hukuncin ruwan rijiya ba."

Faifai bakwai 'Yan Masaƙa suka yi. A kan biyun farko babu gardama. Na uku da na huɗu Jibril yana jure su. Daga na biyar ne rigima ta fara, bayan mai gangar ya bar ƙungiyar, kiɗan ya yi sanyi, muryar mawaƙin ta sauka ta yi kaushi. Jibril ya ce sun mutu tun 1983, sauran duk zaman makoki ne. Yunus ya ce faifan farko ihun yara ne a bakin ƙofar da aka rufe, kuma kowa ya iya ihu yana ɗan shekara ashirin. Na ƙarshen kuwa mutane ne da suka gane ƙofar ba za ta buɗe ba, suka zauna a wurin, suka ci gaba da aikinsu da kyau. Sun yi shekara ashirin a kan wannan magana, da shayi a fulas da burodin tamis a kan cinya, ba wanda ya matsa.

A farkon 2015 Yunus ya zo da kaset ɗin. Ya ce wata biyu ya yi yana haɗa shi. Ya tsamo waƙoƙi daga faifai ukun ƙarshe, ya jera su yadda yake so, tsakanin kowace waƙa da mai bi mata ya ɗauki muryarsa yana bayanin abin da za a saurara.

"Minti casa'in, ya sheikh. Ka ji shi kai kaɗai. In ka gama ba ka sauya ba, wallahi na bar maganar har abada."

Ran nan Jibril ya tashi da ciwon baya, wani ma'aikacinsa kuma ya ƙona injin wani otal. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya ajiye shi a kan cinyar Yunus.

"Na san abin da ya sa kake son su," ya ce. "Kiɗan masu sabunta iƙama ne. A ba ka shekara ɗaya, ka ce an gode, ka koma layi."

Yunus ya mayar da kaset ɗin akwatin gaban mota, ya rufe fulas, ya tayar da mota. Wata biyar suka yi ba abin da ke haɗa su sai sallama a ƙofar masallaci. A watan Sha'aban zuciyar Yunus ta tsaya yana zaune a mota yana jiran fasinja.

Zubaidatu, matar Yunus, ta buɗe ƙofar kaɗan ta tsaya a bayanta, kamar yadda mai takaba ke yi. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ya yi kame-kame a kan zafin gari, sannan ya ce akwai wani kaset nasa a motar marigayi.

"Ai kaset-kaset ɗin duk an kwashe, Abu Rakan," ta ce, tana kiran sa da alkunyarsa. "Sittin da uku, ni na ƙirga da hannuna. Ubaidullah ya tafi da su. Akwai wata makaranta a ƙauyensu can Sakkwato, har yanzu da kaset suke karatu. Ran Talata wani mai Umra zai tafi da su. Sadaka mai gudana, ladan ya riƙa isar masa."

Ubaidullah mijin 'yarta Arwa ne, ɗalibin fiƙihu a jami'a. Jibril ya matso kusa da ƙofar.

"Kin saurari wani a ciki?"

"Da me? Rediyon gidan nan ya mutu tun auren Arwa. Ni dai ina da abin faɗa maka, ka yafe mini. Shekara da shekaru ina zagin ka a raina. Duk ƙarshen mako in kun fita, in ce ga Jibril can ya ja shi yawon banza. Ina yi masa gori ba ya zama gaban malamai. Ashe mutumin nan har zakkar raƙuma yake bi darasi-darasi, shi da ko akuya bai taɓa mallaka ba. Bai taɓa faɗa mini ba. Kai ma ba ka taɓa faɗa ba."

"Ba ya son a sani," in ji Jibril. Wannan kam gaskiya ce.

"Ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba, Ummu Arwa."

Ya sauko benen a hankali yana riƙe da ƙarfe. Hanya ɗaya ta rage: ya je ya faɗa wa yaron gaskiya kafin Talata, ya karɓi nasa, sauran a zuba su a shara ba tare da ta sani ba. Ya tsani ya tona asirin Yunus a gaban surukinsa. Amma wata biyar ya yi yana cewa gobe zai je ya ce a ba shi kaset ɗin, kuma yanzu muryar Yunus ba ta rage a ko'ina ba sai a cikinsa.

Ubaidullah yana zaune a wani ƙaramin gida a Shisha, bayan kasuwar kayan miya. Siriri ne, mai tsabta, mai saurin miƙewa in babba ya shigo. Ya shimfiɗa wa Jibril darduma, ya kawo shayi da dabino. A kusurwar ɗakin ga kwali an ɗaure shi da igiya, kusa da shi wata rakoda mai baki biyu da naɗin salatif.

"Ɗana," Jibril ya fara, "kaset-kaset ɗin nan, akwai abin da ya kamata ka sani kafin su bar ƙasar nan."

"Na sani, Baba."

"Ka san me?"

Ubaidullah ya tashi ya tura ƙofar da ke tsakaninsu da ɗakin Arwa, ya dawo ya rage murya. Harshensa na Sakkwato ya fi fitowa in ya ji kunya.

"Ranar da munka kwaso su, na ce bari in ji ingancin sautin kafin a kai ma yara. Na sa Hukuncin Ruwan Rijiya." Ya sunkuyar da kai. "Sai da na yi tsalle. Na ɗauka rakodar ce ta lalace. Na sa na biyu, na sa na ukku. Daga nan na gane."

"Ka faɗa wa wani?"

"Subhanallahi. Ko Arwa ba ta sani ba. Mutum ya rasu, Allah ya rufa mai asiri shekara talatin, ni ne zan buɗe?"

Jibril ya ji kafaɗunsa sun sauka. Ashe yaron yana da hankali. Ya kai shayin baki a karo na farko.

"Allah ya yi maka albarka. To ka ba ni su in san yadda zan yi da su. Ita kuma a ce mata sun tafi."

"A'a, Baba, ba sai an yi mata ƙarya ba. Ai na gyara."

"Ka gyara me?"

"Duka." Fuskarsa ta ɗan washe, irin ta wanda ya yi aiki mai wuya shi kaɗai, ya samu wanda zai nuna wa. "Ka san in anka toshe 'yan ramukan nan na saman kaset da salatif, yana sake ɗauka. Kwana tara ina yi. Duk abin da Baba Yunus ya rubuta a jiki, na nemo karatun malamai a kansa na ɗora. Ruwan rijiya, ruwan rijiya. Ladubban maƙwabtaka, ladubban maƙwabtaka. Yanzu ba kaset ɗin da ke ƙarya a kwalin nan. Abin da ya rubuta da hannunsa ya zama gaskiya, Inna ba ta yi alfahari a banza ba, yara kuma za su amfana."

Jibril ya ajiye kofin a kan darduma.

"Zakkar raƙuma fa?"

"Wannan shi ya fi ba ni wuya." Ubaidullah ya yi 'yar dariya. "Na duba ko'ina ban samu wanda ya yi darasi na tara a kan raƙuma ba. Malamai a zama ɗaya suke gamawa. Sai na buɗe littattafaina na yi da bakina. Jiya na ƙare shi."

"Ka saurare shi kafin ka ɗora?"

"Bayan na ukku ban sake sauraren ko ɗaya ba. Mi zan ji?"

"Muryarsa tana ciki."

"Muryar wa?"

"Surukinka. Ni ya yi wa shi. Magana yake yi mini a ciki."

Ubaidullah ya dubi kwalin, ya dubi rakodar.

"Wasiyya ce? Baba, in wasiyya ce wallahi ban..."

"Ba wasiyya ba ce. Gardama ce."

"Gardamar mi?"

Jibril ya dube shi. Ta ina zai fara? Ya ce wa ɗalibin fiƙihu wasu Turawa huɗu sun rasa mai ganga a 1994?

"Kana jin ka yi masa alheri," ya ce.

"Na yi abin da nake fata a yi mini in na mutu." Yaron bai ɗaga murya ba, amma bai janye ba. "In waƙoƙin kake so, Baba, ni ba zan nemo maka ba, amma kowa ya san suna cikin waya. Ba abin da ya ɓace."

"Kwance kwalin."

Kaset ɗin yana can ƙasa, da jan rubutun Yunus, da sabon salatif a kusurwoyinsa biyu. Jibril ya sa shi a aljihu, ya nemi makullin Toyotar, wadda ke fake a ƙofar gidan tana jiran mai saye. Motar Jibril ba ta cin kaset. Ubaidullah ya miƙa masa makullin da hannu biyu.

Washegari Asabar. Da hantsi ya ɗauki hanyar Arfa. Kujerar direban ta lotsa daidai jikin wani, sai da ya matsar da ita baya. Ya wuce alamar iyaka, ya gangara inda suka saba fakawa. Babu kowa sai wata motar ruwa can nesa da ma'aikata suna duba bututu, ana shirin Hajjin da ya rage wata uku. Ya ɗaga gilas, ya tura kaset.

Muryar Ubaidullah ta cika motar, a natse, da sallama da salati. Raƙumi biyar, akuya ɗaya. Raƙumi goma, akuya biyu. Jibril bai tsallake ko minti ɗaya ba, domin yana tsoron kada ya wuce wani gurbi da rakodar ta manta. Babu gurbi. Yaron ya yi aikinsa da kyau. Gefen farko ya ƙare a kan raƙumi talatin da shida. Ya juya.

A gefe na biyu an ji malamin ya fara jan magana. Ya maimaita saɓanin malamai, ya kawo misali da wani makiyayi, ya sake kawo shi da wani makiyayin. Can wajen minti na arba'in da biyu abin faɗa ya ƙare masa. Ya yi addu'a, ya roƙa wa mai kaset ɗin gafara da sunansa, aka ji ƙarar maɓalli.

Shiru na daƙiƙa biyu, da 'yar shuuu ta tsohon zare.

Sai jita mai kaurin murya ta shigo daga tsakiyar waƙa, a hankali, kamar mai hawa bene da kaya. Jibril ya gane ta: waƙar rufe faifai na bakwai ce, wadda ya taɓa cewa ta fi dacewa da ɗakin jiran likitan haƙori. Mawaƙin ya ja baitin ƙarshe, ya nemi ya ɗaga murya, muryar ta tsage a hanya, ya ƙarasa da abin da ya rage masa. Kiɗan ya mutu. Aka ji motsin kujera, wannan kujerar da yake kai, da tarin Yunus.

"Ka ji wurin? Bai kai ba. Da can yana kaiwa har ya wuce, yanzu ba ya kaiwa. Kuma suna da na'urar da za ta gyara masa a minti ɗaya, ya ce a bar shi haka duniya ta ji. Wane yaro ne zai iya wannan, ya sheikh? Yaro bai san yana da abin da zai rasa ba." Ya yi dariya, aka ji yana kurɓar shayi. "Tayyib. Zaren ya kusa ƙarewa. Abu na ƙarshe, kuma don shi na yi maka wahalar nan duka. Waƙar da na sa maka a farko, can ɗaya gefen, na san ka ji ta ka taɓe baki. Na san fuskar da ka yi. To yanzu da ka ji sauran, juya ka sake jin ta. Ita ce taka. Duk lokacin da na ji ta kai nake gani, tun ranar da muka..."

Kaset ya tsaya, maɓallin ya yi tsalle.

Jibril ya juya shi, ko da yake ya san abin da zai tarar. Sallama, salati, raƙumi biyar akuya ɗaya. Ya kashe.

Ya ɗauko waya ya kira Ubaidullah. Ya tambaye shi ko da zai ɗora karatun ya ji ko daƙiƙa ɗaya ta farkon kaset ɗin, ko kalma ɗaya, ko da yadda kiɗan ya fara.

"Wallahi ban ji ba, Baba. Na mayar da shi farko na danna jan maɓallin ɗauka. Lafiya dai? Akwai abin da ya rage a ciki? In akwai ka kawo in ƙarasa kafin Talata."

Jibril ya dubi kaset ɗin a bakin rediyo.

"Babu," ya ce. "Ka share shi tas. Zan riƙe wannan, ina son karatun. Ka ce wa Innarku sittin da biyu ne suka tafi."

"Allah ya amfanar, Baba."

Faifai ukun ƙarshe waƙa talatin da ɗaya ne. Ya same su a waya cikin minti ɗaya, kamar yadda yaron ya faɗa, an jera su da shekarunsu. Ya kunna ta farko a faifai na biyar, ya ɗora wayar a kan akwatin gaban mota. Ya saurare ta har ƙarshe yana neman kansa a ciki. Tana iya zama ita. Ta biyun ma tana iya zama ita. A ta huɗu ya lura da yadda mai jitar ke barin gurbi a inda ganga take a da, ba ya cike shi da komai, ya buɗe baki zai yi magana, ya juya wajen kujerar gefe. Fulas ɗin Yunus ne a wurin, babu shayi a ciki.

Rana ta take, ƙarfen motar ya fara ƙona gwiwar hannu. Motar ruwan ta tafi. Ya duba agogo: in zai samu Azahar a unguwa, yana da lokacin waƙa uku, kafin ya kashe ya koma cikin iyaka.